Telan da ya kasa cewa "ba zai samu ba": nazarin wani shagon ɗinki a Tudun Wada, Kaduna

## Asalin mutumin da shagonsa, 2002 zuwa 2022

Mutumin da wannan nazari ya shafa tela ne mai ɗinkin kayan maza a Tudun Wada, cikin garin Kaduna. Shekararsa 35 lokacin da matsalar ta fito fili. Mahaifinsa ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Masaƙar Kaduna Textiles (KTL), wadda ta fara aiki a 1957, ta tsaya a 2002, masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL) ta bi sahu a 2007, kuma gidaje masu yawa a Kaduna suka wayi gari babu albashi. Gidansu na cikin waɗannan gidaje. Dangi ne suka riƙe su shekara da shekaru: wani kawu yana aiko da buhun masara daga ƙauye duk kaka, wata gwaggo ta ɗauki kuɗin makarantar ƙannensa, mai shagon unguwa yana ba su bashi ba ya bi. A tsakiyar wannan hali aka kai shi Kasuwar Barci koyon ɗinki wajen wani dattijo.

Abu biyu ya tashi da su. Daga gida ya koyi cewa ba a kunyata wanda ya tako ƙafa ya zo wurinka, balle babba, balle wanda ya taɓa rufa muku asiri. Daga wurin maigidansa ya koyi cewa yadin mutane amana ne, kuma idan ka ce Laraba to Laraba ce. Shekarun da yake yaron shago waɗannan biyu ba su taɓa karo ba, domin ba shi ke karɓar aiki ba.

Bayan an rushe Kasuwar Barci a 2020 domin sake gina ta, ya kama shago a cikin unguwa, kusa da gida. Wannan sauyi yana da nauyi a abin da ya biyo baya. A kasuwa yawancin masu kawo ɗinki baƙi ne. A unguwa kuwa maƙwabta ne, surukai, abokan sahu a masallaci, da dangin da yanzu suka san ƙofar shagon.

Zuwa 2022 shagon yana da kekunan ɗinki uku da keken wibin ɗaya, da ƙaramin janareta. Mutum huɗu ke aiki: shi, da ɗan baffansa da ya girme wa shekara shida, da yara biyu masu haɗi da guga da sa maɓalli. Mutum biyu ne kawai suka iya yanka, shi da ɗan baffan. Surfanin babbar riga da aikin kwamfuta a waje ake kai su. Babu littafi. Ana rubuta awo a guntun kwali a cusa cikin ledar yadin, ranar karɓa kuma tana bakin maigida.

Domin alƙaluman da ke tafe su zo daidai, an auna su duka da ma'auni ɗaya: kaftani da wando na babba gurbi ɗaya, babbar riga da 'yar ciki da wando gurbi uku, kayan ƙaramin yaro rabin gurbi. Da azumi, idan akwai wuta ko mai, shagon yana fitar da gurbi biyar a yini ba tare da an yi aikin dare ba.

## Azumin 2023: yadda aikin ya taru

Shekarar ta zo da abin da ya matse teloli da yawa. Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, kuma daga Janairu zuwa Maris 2023 tsabar kuɗi ta yi wuyar samu. A ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu. Ga zaɓuka a 25 ga Fabrairu da 18 ga Maris. Mutane da yawa ba su sayi yadi ba sai da azumi ya yi nisa. Makonnin da ke gaban azumi kuma shagon yana fama da kayan angwaye, domin an saba gaggauta bukukuwa kafin watan ya kama. Saboda haka ɗinkin sallah bai fara ba sai ranar Alhamis 23 ga Maris, ɗaya ga azumi.

Azumi ya yi kwana 29. Idan aka cire rabin yini na Juma'a huɗu, kwana 27 suka rage, wato gurbi 135. Da aka zo ƙirga ledoji da kwalaye daga baya, an tarar ya karɓi gurbi 214. Daga ciki, 61 sun shigo ne a goman ƙarshe, kuma kusan duka daga hannun dangi, surukai, dattawan unguwa da abokan ƙuruciya. Yawancinsu ba su ba da kafin alƙalami ba, shi ma bai tambaya ba.

Yadda karɓar ke kasancewa kusan iri ɗaya ce. Dattijo zai shigo bayan la'asar da leda, a gaisa, a tambayi iyali da ibada. Sai ya ajiye ledar a kan teburin yanka ya ce, "Ɗana, ga wannan, na san ba za ka bar ni in je idi da tsohuwar riga ba." Telan zai sunkuyar da kai ya ce, "In sha Allahu, Baba, ba komai." Ɗan baffansa ya yi magana sau uku a cikin watan. Na ƙarshe a gaban yara ya faɗa: "Yaya, wallahi abin nan ba zai yiwu ba. Ka faɗa musu gaskiya su kai wani wuri tun da sauran lokaci." Amsar da ya samu ita ce, "Mutumin da ya ciyar da mu zan ce wa ya kai wani wuri?"

Abin da ya fi yin ɓarna shi ne yadda ake zaɓen wanda za a yanka. Babu layi. Wanda ya zo ya zauna a benci yana jira, nasa ake ɗauka. Wanda ya kira waya sau uku, nasa ake ɗauka. Wanda ya kawo yadinsa da wuri, ya biya, ya koma gida ya kwantar da hankalinsa, ledarsa tana can ƙasan tari.

## Jajibirin sallah da abin da ya biyo baya, Afrilu 2023

An yi sallah ranar Juma'a 21 ga Afrilu. Da aikin dare na kwana goma sha ɗaya, shagon ya fitar da gurbi 163 kafin a tafi idi. Gurbi 51 suka kwana. Daga cikin 61 na goman ƙarshe, 52 sun samu kayansu. Daga cikin 51 da suka kwana, 34 na mutum 17 ne da suka kawo tun kafin azumi ko a makon farko, kuma dukansu sun biya rabi ko duka. Cikin waɗanda aka bayar, 19 sun dawo gyara: hannu ya fi ɗan uwansa tsawo, wuya ya matse, aljihu ya karkace.

Ɗaya daga cikin mutum 17 ɗin malamin firamare ne, maƙwabci, wanda ya shekara uku yana kawo ɗinki shagon. Ya kawo farar shadda yadi goma kwana tara kafin azumi, biyar nasa, biyar na 'ya'yansa maza biyu, kuma ya biya ladan ɗinki gaba ɗaya a lokacin da mutane ke kwana a layin banki. Sau biyu ya leƙo, aka ce masa "saura maɓalli" da "saura guga", alhali ba a taɓa yadin ba. Daren sallah aka ɗinka na yaran. Da aka nemi nasa, sai aka gano an yanka shi tun kwana huɗu da suka wuce a kan awon wani surukin telan, domin shi ma farar shadda ya kawo, ledojin kuma iri ɗaya. Surukin gajere ne, malamin dogo. Yadin da aka yanka gajere ba shi da gyara. Malamin bai ɗaga murya ba. Ya karɓi na yaran ya ce, "Malam, da ka faɗa mini tun farko." Daga ranar, sallama kawai ke haɗa su.

Kwana biyar bayan sallah ɗan baffan ya tattara almakashinsa da tef ya koma wani shago a Rigasa. Dalilin da ya ba iyaye shi ne ba zai iya ci gaba da zama inda ake sa shi yi wa mutane ƙarya ba. Magana ta kai gidajen biyu, iyayensu mata suka daina zuwa wa juna. Matar telan kuma ita ta sha gorin matan unguwa a wurin suna da biki. Ta gaya masa sau ɗaya, "Maigida, sunanka fa ake kira a tsakar gidajen mutane." Bai ba ta amsa ba, amma ya daina fita sallar asuba a masallacin layinsu, ya koma na gaba.

## Gwaji na farko: ƙarin keke da ƙarin hannu, Mayu zuwa Yuni 2023

Fahimtarsa ta farko ita ce shagon ne ya yi ƙanƙanta. Ya karɓi adashinsa ya sayi keke na huɗu, ya ɗauki masu haɗi biyu da ake biya a kan kowace riga, domin babbar sallah da ke tafe ranar 28 ga Yuni.

Abu uku suka kayar da wannan. A ranar 29 ga Mayu aka sanar da janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, sai aikin dare da janareta ya koma cin riba. Na biyu, maƙogwaron shagon ba wurin haɗi yake ba, wurin yanka yake. Bayan tafiyar ɗan baffan, mutum ɗaya ke yanka, kuma shi ne mai awo, mai karɓar baƙi, mai zuwa wurin masu surfani. Da ƙyar yake yanka huɗu a yini, masu haɗi huɗu suna zaune suna jira. Na uku, ganin sabon keke ya sa ya ƙara sakin baki. Ya karɓi gurbi 118 a lokacin da hannunsa ba zai wuce 100 ba. Gurbi 23 suka kwana, 14 suka dawo gyara, yawanci daga hannun sababbin da ba su san yankansa ba.

## Gwaji na biyu: takarda a bango, da ɓuya, Yuni 2023

Ana saura kwana goma sha biyu babbar sallah ya liƙa takarda a ƙofa: an rufe karɓar ɗinki. Kwana biyu ta yi aiki, kuma a kan baƙi kawai. Rana ta uku kawun nan mai masara ya aiko da yadin jikokinsa huɗu, aka karɓa a gaban wani da aka mayar jiya. Labari ya zaga cewa takardar ta talakawa ce.

Daga nan ya koma ɓuya. Yana kashe waya, yana shiga ɗakin baya idan ya hango mai kaya, yara su ce "ya je kasuwa sayen zare". Wannan ya taɓa yaran fiye da yadda ya taɓa masu kaya. Cikin wata ɗaya ƙaramin ya fara yi wa maigidan kansa irin wannan magana: an aike shi kai riga wurin surfani, ya ce ya kai, ashe tana jakarsa. Da aka tsare shi, bai ga girman laifin ba. Duk wanda ya riƙe yara a sana'a ya san ba abin da ake faɗa musu suke ɗauka ba, abin da ake sa su yi suke ɗauka.

## Gwaji na uku: tsanani, Yuli zuwa Satumba 2023

Bayan babbar sallah limamin unguwa ya kira shi gefe. Ya tuna masa hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa alamomin munafuki uku ne: idan ya yi zance ya yi ƙarya, idan ya yi alƙawari ya saɓa, idan aka ba shi amana ya ci. Maganar ta shige shi ƙwarai. Ya yi alwashin ba zai sake yi wa kowa kara a kan ɗinki ba.

Sai ya ɗauko halin ɗan baffansa ya yafa, alhali ba a kansa aka yanka shi ba. Wanda bai saba cewa a'a ba, idan ya tashi faɗa, yakan faɗe ta da ƙarfin da ya wuce kima, domin yana tsoron idan ya sassauta zai zame. A watan Agusta mahaifin matarsa ya zo da kansa da yadin ɗaurin aure, saura kwana shida. Shagon ba shi da cunkoso a lokacin, aikin zai yiwu. Telan ya ce masa a tsaye, a gaban yara, "Baba, yanzu doka ce, sai mako biyu." Dattijon ya ɗauki ledarsa ya fita. Matar ta yi kwana tara a gidansu kafin a sasanta.

A waɗannan watanni uku bai saɓa wa kowa rana ba. Amma aiki ya ragu da kusan rabi, sababbin masu haɗi biyu suka tafi, kuma a cikin dangi an koma cewa ya yi kuɗi ya manta mafari. Shi kansa ya rame, ba ya fira, yana yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

## Zama da tsohon maigidansa, Oktoba 2023

Matarsa ce ta je wurin dattijon da ya koya masa ɗinki, wanda ya bar aiki saboda ido. Ya sa aka kira telan da ɗan baffan, kowa ranarsa, kafin ya haɗa su.

Bai fara da nasiha ba. Ya ce a kawo duk kwalayen awo na azumi, a zube su a tabarma, a ware su kashi uku: na farkon wata, na tsakiya, na ƙarshe. Sannan a ɗora tsakuwa a kan kowane kwalin da mai shi bai samu kayansa ba. A nan alƙaluman da aka kawo a sama suka fito, kuma a nan telan ya fara ganin cewa tsakuwoyin sun taru ne a kan kashin farko. Dattijon ya tambaye shi, "Karar da ka yi wa kawunka, daga aljihun wa ka biya ta?" Ya yi shiru. "Daga aljihun malamin makaranta ka biya. Kai ba ka yi asarar komai ba a ranar. In za ka yi kara, yi ta da naka."

Tsarin da suka fitar a zama uku shi ne wannan.

An buɗe littafi mai shafi ɗaya ga kowane yini, kowane shafi da layi biyar. Wanda ya kawo yadi, a gabansa ake buɗe littafin a nemi layin farko da ba kowa, kuma ranar da za a faɗa masa ita ce kwana biyu bayan wannan layin, saboda guga da maɓalli. Ana yanko ɗan ƙyalle daga bakin yadin a maƙala a layin da allura, a rubuta lamba ɗaya a littafi, a kan yadin da alli, da kuma a takardar da mai kaya zai tafi da ita. Ba a sa almakashi a yadi sai an haɗa ƙyallen da lambar. Kafin alƙalami rabi ne, ga kowa.

Kafin kowace sallah a ƙirga kwanakin aiki, a cire kwana uku ba a rubuta komai a cikinsu ba, saboda ɗaukewar wuta, rashin lafiya ko jinkirin masu surfani. Daga abin da ya rage a ware kusan ɗaya cikin goma a bayan littafi. Wannan kason telan ne, ya ba wanda ya ga dama cikin dangi da dattawa, ko da a makare suka zo, ko da kyauta. Idan ya ƙare ya ƙare. Idan yana son ƙari, sai dai ya ɗinka da hannunsa bayan an tashi, kuma ba a taɓa layin kowa.

An raba aiki tsakanin 'yan uwan biyu gwargwadon halinsu. Littafi yana hannun ɗan baffan, shi kaɗai ke rubutu a ciki. Amma ba shi zai mayar da babba ba. Telan ne zai tashi, ya ba dattijo wurin zama, ya nuna masa shafukan, ya ce, "Baba, in na karɓa zan ba ka kunya ranar sallah, kuma ba zan so haka ba." Sannan ba a barin mutum ya fita da ledarsa haka nan. An yi magana da teloli biyu da aka yarda da hannunsu, yaro zai raka mai kaya can da awonsa a rubuce. Dattijon ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma ƙin tashin ma yana da ladabinsa.

Na ƙarshe, idan aiki zai makara, a kira mai shi kwana uku kafin ranarsa a faɗa masa dalili na gaskiya. An hana yara faɗin "ba ya nan" idan yana nan.

Ɗan baffan ya dawo a ƙarshen Oktoba. Shi ma an ɗora masa nasa: ya daina gyara wa yayansa magana a gaban yara ko baƙi, ya bari sai an rufe shago.

## Biyan haƙƙi, Nuwamba zuwa Disamba 2023

Dattijon ya dage cewa littafi ba zai wanke abin da ya wuce ba. Ya kawo hukuncin da ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai a ƙasar Hausa: masu sana'a suna lamunin abin da aka bar musu a bayan idon mai shi, ko da lada suka yi aikin ko ba lada. Saboda haka shaddar malamin bashi ce, ba alfarma ba.

Telan ya sayar da keke na huɗu. Ya sayi farar shadda yadi biyar irin wadda aka ɓata, ya haɗa da ladan ɗinkin da aka biya, ya je gidan malamin bayan isha'i shi kaɗai. Sauran mutum 16 ya bi su gida-gida cikin mako shida. Ga kowa abu uku yake faɗa: na karɓi abin da ya fi ƙarfina, na sa na wasu a gaban naka, na sa an faɗa maka abin da ba haka ba. Bai ambaci ƙarancin kuɗi ko wuta ba, duk da cewa gaskiya ne, domin an gargaɗe shi cewa uzuri yana cinye ban haƙuri. Wurin mahaifin matarsa kuwa da rakiyar baffansa ya je, kamar yadda ya dace.

## Azumin 2024 da babbar sallah

Azumi ya kama ranar Litinin 11 ga Maris, aka yi sallah Laraba 10 ga Afrilu. Kwana 30, a cire rabin Juma'a huɗu, saura 28, gurbi 140. An cire 15 na kwana ukun ajiya, saura 125. An ware 12 na kara, 113 na kowa da kowa. Layukan sun cika ranar tara ga azumi. Daga nan an raka masu gurbi kusan 40 zuwa shagunan nan biyu.

Taransfomar layin ta lalace kwana huɗu a tsakiyar wata, ta cinye kwanakin ajiya duka. Gurbi 119 sun fita a ranarsu ko kafin ta. Manyan riguna biyu sun makara a wurin surfani, an kira masu su da wuri, ɗaya ya jira, ɗaya ya karɓi 'yar ciki da wando ya je idi da su. Uku suka dawo gyara. Aikin dare na kwana biyu kawai aka yi, kuma telan ne shi kaɗai, a kan kayan marayun wata gwaggonsa da suka zo bayan kason kara ya ƙare.

Daga cikin mutum 17, goma sha ɗaya sun dawo da ɗinki. Malamin ya karɓi shadda, ya ce ya yafe, suna gaisawa har da tambayar iyali, amma wani telan yake kai wa. Kawun ya ji haushi da aka ce biyu cikin jikokinsa huɗu za a raka wani shago, ya yi wata biyu ba ya amsa waya, daga baya ya sauko.

A babbar sallah, 16 ga Yuni 2024, ɗan baffan ya yi tafiyar mako guda gaisuwar rasuwa. A wannan mako telan ya rubuta gurbi tara a gefen shafuka, a wajen layi. Huɗu sun makara.

## Abin da lamarin ya nuna

Mutanen unguwa sun kira shi maƙaryaci, kuma ƙaryar ta faru. Amma ba daga rashin tarbiyya ta fito ba. Ta fito ne daga ɗabi'a mai kyau da aka bari ba iyaka. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya jero halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Telan nan yana da rabo a kusan dukansu. Abin da jerin ba ya faɗa, kuma gida ma ba kasafai yake koyarwa ba, shi ne wanne ke gaba idan biyu suka yi karo a kan teburi ɗaya. Shi a aikace ya sa kunyar wanda ke gabansa a kan amanar wanda ba ya nan, kuma bai san ya yi wannan zaɓi ba sai da ya ga tsakuwoyi a kan kwalaye. Addini bai bar wurin a buɗe ba. Aya ta 53 a Suratul Ahzab ta sauka a kan baƙin da suke daɗewa a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana jin nauyin sallamarsu, sai aka ce Allah ba Ya jin kunyar gaskiya.

Gwaji na farko da na biyu sun faɗi domin sun taɓa shago ba su taɓa bakin mai shago ba. Na uku ya fi su haɗari, domin ya nemi ya kashe karar gaba ɗaya, alhali ita ce ta haɗa shi da mutanen da suka riƙe gidansu, kuma bashin da yake ji a kansa na gaske ne. Tsarin dattijon ya yi aiki saboda ya bar masa karar, ya ba ta gurbi 12 da darensa, ya hana ta taɓa na wasu. Ya kuma ɗauke yanke hukunci daga lokacin da ido ke cikin ido, inda telan ya fi rauni, ya mayar da shi kan takardar da aka cika tun kafin baƙo ya shigo.

Ɗan baffan ma ba shi da cikakkiyar gaskiya a farko. Abin da ya faɗa daidai ne, wurin da ya faɗe shi ne ya sa ba a ji ba. Su biyun kowa yana riƙe da rabin abin da shagon ke bukata, kuma sun shekara suna ganin rabin ɗan uwansu a matsayin aibi.

Gurbi taran da aka rubuta a gefen shafi a watan Yuni sun nuna cewa halin bai sauya ba tukuna, an dai kewaye shi. Tsarin yana tsaye ne muddin alƙalami yana hannun wani. Saboda haka bayan babbar sallah aka fara koya wa babban yaron riƙon littafi da yanka, aka kuma yi sharaɗi cewa duk ranar da ɗan baffan ba ya nan, wanda ya kawo yadi za a ɗauki awonsa da lambar wayarsa, a ba shi rana washegari bayan an kira mai littafin.